Maigidana Mai Kai da Ƙafa da Leɓen Jikarmu

Allah ne ya ba ni shi, Allah ne ya karɓi abinsa, ban ja da hukuncinsa ba. Amma kuka kam ina yi, ba zan ɓoye wa kowa ba. Ina cikin takaba, ba na fita, ban kuma iya rubutu ba. Shi ya sa na zaunar da autata, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, na ce ta rubuta abin da zan faɗa a kan mahaifinta yadda na faɗe shi, kada ta gyara mini baki.

Ranar da ya rasu, ban san cewa ya san mutane haka ba. Mahautan kwata sun zo gaba ɗayansu, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Fulanin da ke kawo dabbobi daga wajen Wushishi sun zo da sandunansu. Matan Sabon Gari masu sayar da farfesu, waɗanda suka daɗe suna sayen kai a wurinsa, sun zo sun tsaya a tsakar gida ba su san inda za su zauna ba, ɗayarsu tana ta cewa, “Baba ya tafi, wa zai ba ni kai mai kyau?” Mutane suna hararar ta, ni kuwa na san kukan gaskiya take yi. Limamin unguwarmu da ya leƙo yi mini gaisuwa cewa ya yi, “Allah ya jiƙansa. Ban taɓa ganin wanda ya gajiyar da ni da tambaya kamarsa ba, ga shi yau ina neman mai tambayar.”

Amma wadda ta fi kowa kuka ita ce surukata, matar ɗanmu na fari. Ta fi 'ya'yansa na cikinsa. Har wata maƙwabciya ta ce mata, “Haba, ki yi haƙuri mana, sai ka ce ubanki?” Ta ɗago ta ce, “Ku ƙyale ni. Ranar da duk gidan nan ya ce ni ce, shi kaɗai ya ce ba ni ba ce.”

Ranar sadakar uku kuma wani abu ya faru, shi ne ya sa nake wannan magana. Jikata, 'yar wannan surukar tawa, ta yi aure bara, yanzu tana da ciki. Tana zaune tana yanka naman sadaka sai uwar mijinta, da ta zo gaisuwa, ta fizge wuƙar daga hannunta. Ina daga cikin ɗaki na ji ta ce, “Ajiye! Kin manta abin da ya sami uwarki? So kike ki haifa mana irin bakinki?” Na ce a raina, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ga maganar da ya kashe ta dawo. In aka haifi ɗan nan da wani abu a leɓe, yarinyar nan za a ɗora wa laifi, kuma mai tare mata ya tafi.

To bari in faɗi ko wane ne shi.

Malam sana'arsa kai da ƙafa. Kakansa ya zo Minna ne bayan jirgin ƙasa, yana sayar wa leburori nama, sana'ar ta gangaro har kansa. Shi ba ya yanka. Da safe zai je kwata ya sayo kawunan shanu da na tumaki da na awaki, ya kawo bayan gida ya babbake gashin, ya kankare, ya wanke, ya fasa, ya kai kasuwa. Da aka mayar da Minna babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari, kasuwar farfesu ta buɗe, har mu matan gida muna taya shi. Na zauna da ƙaurin babbaka a zanina tun ina yarinya. Yanzu da hayaƙin ya ɗauke, ƙaurin nake nema.

Sauran masu sana'ar gatari suke ɗagawa su sara ko'ina. Shi sai ya ɗauki kan ya juya shi a hannu, ya nemi layin da ke tsakiyar ƙoƙon, wanda ya yi kama da ɗinki, ya ɗora gatarin a kai ya buga a hankali, kan ya rabu biyu, ƙwaƙwalwa ba ta fashe ba. Kullum sai ya ce, “Kai ba dunƙule ɗaya ba ne, haɗi ne. In ka san inda aka haɗa, ka san inda za ka raba.” Kuma ba ya gajiya da kallo. Zai kira ni daga murhu ya ce, “Ke, zo ki gani. Me ya sa leɓen rago yake da tsaga a tsakiya, na saniya ba shi da ita?” In ce, “Malam, tuwona zai ƙone.” Ya ce, “Tuwo kullum ana yi.”

Wata ɗabi'arsa kuma, duk jaririn da aka miƙa masa, bayan ya yi addu'a sai ya sa ɗan yatsa a kwarmin nan da ke tsakanin hanci da leɓe, ya shafa, ya ce, “Sun gamu.” Mata su yi ta dariya. Ban san abin da yake nufi ba sai da muka yi faɗa.

Ga yadda faɗan ya zo. Akan yanka tunkiya ko akuya a kwata ba a san tana da ciki ba, sai an farke a ga ɗan tayi. Mahauta ba sa son ganin haka, jefarwa suke yi. Ashe Malam ya roƙe su in sun samu su ajiye masa, musamman ƙananan. Wata rana na buɗe kwanon shana mai fure, na kayan aurena, wanda ko baƙo ban cika ba wa ruwa a ciki ba, sai na ga wasu abubuwa farare a cikin ruwan gishiri, wani kamar ƙwayar wake, wani kamar ɗan yatsa. Na yi salati na saki murfin.

Da ya dawo na ce, “Malam, tsafi ka fara?”

Ya ce, “Wane irin tsafi? Kallo nake yi.”

Na ce, “Kallon ne sai a kwanona? Da gishirina?”

Ya ce, “Naki ne ya fi murfi mai kyau.”

Wannan amsar ce ta fi ba ni haushi. Na daina yi masa magana, na ajiye masa abinci ba ko sannu. Shi kuma ya tafi wurin liman ya tambaya ko ya yi laifi. Liman ya ce duban halittar Allah ba laifi ba ne, amma in ya gama ya binne su, kuma ya fita daga kwanon matarsa. Ya sayo mini sabon kwano, ya koma zuba abinsa a kwalba da wani ruwan magani da ya samo a kemis.

Akwai wani Bayarabe mai gyaran agogo kusa da tashar jirgi, abokinsa ne. Shi ya ara masa ɗan madubin nan da ake maƙalawa a ido, ƙaramin abu ya zama babba. Ya ce masa, “Baba, wannan na agogo ne fa, kar ka sa shi warin akuya.” Da wannan madubin Malam ya shawo kaina. Ya zaunar da ni a hasken hantsi ya ce in duba sau ɗaya, in ban so ba ba zai ƙara damuna ba.

Na duba. Wallahi har yau ina ganin abin a idona. Mafi ƙanƙantar ba shi da fuska. Kai ne babba a sunkuye, ƙarƙashinsa wasu 'yan ninki a jere, kamar an naɗe bakin zani. Idanu can a gefe, ɗigo baƙi. Malam ya ce, “Kin ga ninkin farko? Duba na gaba da shi girma, a nan ya zama muƙamuƙi. Kin ga kunne? Ba a kai yake ba, a wuya yake, daga baya yake hawowa.” Na ce, “Kunne a wuya?” Ya ce, “Ni ma abin da na ce ke nan.” Sannan ya nuna mini wani da ya ɗan fi wake. Hancinsa ramuka biyu ne nesa da juna. Wani yanki ya sauko daga goshi, wasu biyu sun taho daga gefe da gefe, tsakaninsu akwai 'yar hanya ba su taɓa juna ba. A na gaba da shi kuwa, hanyar ta rufe, ga leɓe. Ya sa yatsa a ƙarƙashin hancina ya ce, “Nan ne yankin da ya sauko daga sama. Layukan nan biyu na gefensa, ina jin nan suka gamu.”

Tambayar da ta hana shi sakat ita ce ta ninkin wuyan. Ya ce sun yi kama da abin da kifi ke numfashi da shi, ko ɗan tayi da su yake shan iska a cikin ruwan ciki? Ya tambayi liman, ya tambayi masunta a kasuwar Kuta, kowa ya ce shi bai sani ba.

Ana nan surukata ta sami ciki na fari. Yarinya ce daga Wushishi, mai ƙarfin aiki, ba ta iya zama tana kallon mutane suna wahala. Babbar Salla ta zo cikinta ya tsufa. Ranar Salla da washegari duk unguwa gidanmu take kawo kawunan layya, har ba wurin taka ƙafa. Ta ga hannu ya yi kaɗan, ta ɗauki gatari ta fara fasawa. Ba ta iya ba. Gatarin ya zame ya sauka a fuskar ragon, ya tsaga leɓen har hanci. Yayar Malam, wadda duk muke kira Gwaggo, tana zaune a gefe. Ta ce, “Mai ciki da sara a fuska? Allah ya kyauta.” Aka yi dariya aka wuce.

Da ta haihu, mace ce, leɓenta na sama a buɗe ta gefen hagu, tun daga baki har cikin hanci. Gwaggo ta leƙa ta ce, “Ga saran nan, daidai wurin.”

Kafin azahar magana ta gama unguwa. Masu zuwa barka ba barka ke kawo su ba. Gwaggo ta ce ranar suna a rufe fuskar yarinyar, in uwar ta gama wankan jego a mayar da ita gidan ubanta, tunda ita ta jawo. Ɗanmu ya daina shiga ɗakin. Ita kuwa mai jegon sai ta matse nono a cokali tana ɗura wa jaririyar, don ba ta iya kama nonon sosai, hawaye na zuba a kan zanin goyo.

Malam ya shiga ya karɓi jikarsa. Ya yi addu'a. Ya daɗe yana kallo. Ya wanke hannu ya sa ƙaramin yatsa a bakinta ya taɓa ganɗarta, ya ce, “Sama a rufe take, alhamdu lillahi.” Sannan ya dubi uwar ya ce, “'Yata, share hawayenki. Wannan ba yanka ba ne. Yanka yana da bakin rauni. Dubi gefen nan, sumul. Ba su gamu ba ne.”

Washegari da hantsi ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya kira Gwaggo, ya kira ɗanmu, ya kira ni, ya ce a ɗaga labulen mai jego ta ji. Ya ɗauko kwalabensa ya jera 'yan tayin a faranti daga ƙarami zuwa babba. Gwaggo ta toshe hanci ta ce, “Kai dai tun kana yaro ba ka da ƙyanƙyami. Me zan gani a mushe?”

Ya ce, “Yaya, sa madubin nan a idonki. In kin gama ki zage ni.”

Ta sa shi a juye, ya gyara mata. Ya nuna mata mai buɗaɗɗen leɓe, ɗan mitsitsi. Ya nuna mata wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, leɓensa a rufe ruf. Ya ce, “Wannan uwarsa ko Bafulatanin da ya yi kiwonta bai san tana da ciki ba, amma an riga an gama masa baki. Ranar da yarinyar nan ta ɗauki gatari, cikinta har ya hana ta sunkuyawa. Yaya, abin da aka gama tun yana kamar wake, gatarin Salla ne zai koma baya ya hana shi?”

Gwaggo ta ce, “Tunkiya daban, mutum daban.”

Ya ce, “Gaskiya ne, ban taɓa ganin na mutum ba. Amma mai yin ɗaya ne.” Sannan ya ce, “Kin tuna Baffanmu, ƙanen Baba, wanda ba ya sauke amawalin rawaninsa ko da zafi? Kin taɓa ganin ya ci abinci a gaban mutane?”

Gwaggo ta ajiye madubin. Ta fi shi sanin Baffan, ita ce take kai masa abinci tana yarinya, ta ga leɓen da amawalin yake rufewa.

Ya ce, “Ita Kaka da ta haife shi, a kulle take, ba ta taɓa riƙe gatari ba. In ma abin nan bin jini yake yi, to namu ne, ba na Wushishi ba.” Ya juya wurin ɗanmu ya ce, “Kai kuma tashi ka shiga ka ga 'yarka. Ranar suna ba mai rufe mata fuska.”

Gwaggo ba ta ba kowa haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma da yamma na fito na tarar ita ce ke iza wutar ruwan wankan jego, tana faɗa wai ba mu iya dafa ruwa ba. Maganar komawa Wushishi ba ta sake tashi ba.

Sai dai Malam ya yi kuskure ɗaya, shi da kansa yakan ba da labarin yana dariya. Tunda ya ga a tunkiya yankunan suna matsowa har su haɗu, sai ya ɗauka na jikarsa ma makara suka yi, za su ƙarasa. Kullum da safe sai ya tsinko tsinken tsintsiya ya gwada faɗin wurin, ya ce, “Kamar ya ragu.” Bai ragu ba. Watanni suka shuɗe yana cewa a jira. Wata nas da ke sayen ƙafar saniya a wurinsa ce ta ji labari ta zo har gida. Ta ce, “Baba, ka bar tsinken nan, ku hau jirgi ku kai yarinya babban asibiti, ɗinkewa ake yi.”

Suka tafi shi da uwar da uban. Da suka dawo, labarin likitan ya fi labarin aikin yawa a bakinsa. Ya ce likitan ya zana masa a takarda, yanki ɗaya daga sama, biyu daga gefe, kamar yadda ya gani. Ya ce masa lokacin gamuwar yana wucewa ne tun farkon ciki, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da shi, in ya wuce kuwa ba ya dawowa. Ya ce wani lokaci abin yana bin dangi, wani lokaci su ma ba su san dalili ba. Malam ya tambaye shi ninkin wuya. Likitan ya ce ba numfashi ake yi da su ba, su ne ke zama muƙamuƙi da ƙasusuwan cikin kunne da maƙogwaro. Malam ya ce mini, “Kin ji? Abu biyu na ɓata, ɗaya na samu. Da na san haka da na tafi da kwalaben.” Na ce, “Da sun kore ka daga jirgi.”

Aka ɗinke leɓen, ya bar ɗan siririn tabo. Yarinyar ta tashi a gindinsa. Yana kiranta amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai ƙaurin hayaƙi. In yara suka tsokane ta a kan tabon ta dawo da kuka, sai ya ce, “Na kowa a ɓoye aka haɗa shi, naki ne kaɗai muka je muka gani da ido.” Shi ya koya mata fasa kai. Duk gidan nan babu mai nemo layin da sauri kamarta.

Da ciwo ya kwantar da shi, ta zo duba shi da ƙaramin cikinta. Ya dube ta ya ce, “Wata nawa?” Ta rufe fuska don kunya. Ya ce, “To an riga an gama. Ko sun gamu ko ba su gamu ba, ki ci abincinki ki yi aikinki. Ni dai ina so in gani.” Bai gani ba. Wannan ne ke sa ni kuka in na tuna, mutumin da ya ga na tumaki ba adadi, bai ga ɗan jikarsa ba.

Jiya uwar mijin jikata ta dawo, wai ta zo ɗaukar surukarta. Na sa aka shigo da ita ɗakina, na kira jikata da uwarta. Na ba uwar mijin labarin nan duka kamar yadda na faɗa yanzu. Kwalaben tuni ya binne su, madubin ma an mayar wa mai shi, ba ni da abin nunawa sai fuska. Na ce, “Hajiya, taɓa ƙarƙashin hancinki.” Ta ɗaga hannu ta taɓa. Na ce, “Ke ma guntu-guntu aka haɗa ki, uwarki ba ta sani ba. Ɗan da ke cikin nan an gama masa baki tun kafin ki san da shi. Yana iya zuwa da irin na uwarsa, ban ce ba zai zo ba, a jininmu yake. In ya zo haka, asibiti za a kai shi, ba wadda za a mayar gidan ubanta.”

Ta ce, “Mu dai haka muka taso muka ji.”

Na ce, “Mu ma haka.”

Akwai kan rago da mahauta suka kawo sadaka, an babbake yana jiran mai fasawa. Na jawo gatarin Malam daga ƙarƙashin gado, inda nake ajiye shi tun ranar da aka fita da shi, na miƙa wa jikata. Ta dubi uwar mijinta. Matar ba ta hana ba, yatsanta dai yana nan a kan leɓenta. Jikata ta fita ta zauna a kujerar kakanta, ta juya kan a hannu, ta nemi layin, ta buga a hankali. Daga ɗaki na ji ƙarar, irin tasa ce sak, na kuwa fashe da kuka.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya amsa masa sauran tambayoyinsa a can. In an haihu, ni za a fara miƙa wa, in sa yatsa a wurin, in gani a madadinsa.